Kwaɗayin Zaƙi da Yawan Ciye-ciye Kafin Tiyatar Rage Ƙiba da Bayanta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu shirin tiyatar rage ƙiba da waɗanda aka riga aka yi wa. Kusan dukkansu abu ɗaya suke kewayawa: likita ya rage tumbi, amma hannu bai daina zuwa baki ba. Bayanin na kowa da kowa ne, don haka duk inda ya saɓa da tsarin da likitanka ko masanin abincinka ya rubuta maka, nasu za ka bi.

Na ɗauka da zarar an yi aikin kwaɗayi zai tafi ke nan. Ba haka ba ne?

Zai lafa sosai, amma na wani lokaci. A aikin da aka fi yi yanzu, wanda ake kira silib, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar ɗan siriri mai siffar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da masu bincike a Japan suka gano a 1999, wanda ke ƙaruwa a jini idan lokacin cin abinci ya gabato, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki yana kira. A ɗaya aikin kuma, wato baifas, ana keɓe ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi a jona shi da ƙaramin hanji, sai hanjin ya riƙa saurin sakin sinadaran ƙoshi irin su GLP-1. Shi ya sa a watannin farko za ka ga mutum yana mantawa da abinci har sai an tuna masa.

Sai dai jiki yana sabawa. Yunwa takan fara leƙowa tun kafin shekara ta zagayo, kuma yawancin mutane tsakanin wata 12 zuwa shekara 2 ramarsu take kai ƙarshenta. Daga nan abin da ya rage shi ne ɗabi'ar da mutum ya gina a cikin waɗancan watanni masu sauƙi. Wanda ya saba shan shayi da burodi ƙarfe goma na dare shekara ashirin, wuƙar likita ba ta taɓa wannan sabon ba.

Yaya zan gane yunwar gaske daga kwaɗayi?

Yunwa a hankali take zuwa, kuma ba ta da zaɓe. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake faɗowa, kuma da sunan abin da yake so yake zuwa: fanke, ko alewar madara, ko ragowar taliyar da ke cikin kula. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka tambayi kanka ko za ka iya cin dafaffen ƙwai yanzu. In za ka ci, yunwa ce, tashi ka ci. In ka ji ranka ya ce a'a, shi dai cincin, to ka san da wa kake magana.

Abu biyu kuma sukan yi shigar yunwa. Na farko ƙishirwa, domin wanda aka yi wa aiki ba ya iya kwankwaɗar ruwa, da kyar yake cika lita ɗaya da rabi da ake so ya sha a rana. Na biyu ƙwannafi. Bayan silib ruwan tsami na tumbi yakan tayar da wani irin ƙwaƙular ciki da mutum zai rantse yunwa ce, ya ci biskit ya ji ta kwanta, bayan awa ɗaya ta dawo. In haka kake ji, maganinta yana wurin likita, ba a shagon mai tireda ba.

Me ya sa kwaɗayin kullum na burodi da shinkafa da lemo ne? Ban taɓa jin kwaɗayin zogale ba.

Saboda farar fulawa da farar shinkafa da sukari ba sa ba ciki aiki. Nan da nan suke narkewa su shiga jini, sukari ya hau, jiki ya saki insulin ya sauke shi, bayan awa biyu ko uku ka ji kasala da wani marmarin. Idan kuma aka haɗa fulawa da mai da sukari wuri ɗaya, irin su dubulan da alkaki da cincin da donot, an samu abin da baki ba ya gajiya da shi. A 2019 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kwantar da mutum 20 tsawon wata guda, mako biyu ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa ƙara kusan kalori 500 (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) a kowace rana, alhali a jimlace ba su ce ya fi musu daɗi ba.

Mu kuma sai a dubi yadda kwanonmu yake. Da safe koko ko shayi da burodi, da rana shinkafa ko taliya, da dare tuwo, a tsakani a kora da kunu ko fura. Nama yanka ɗaya ne a saman malmala, kamar ado. Wanda ya tashi a haka bai kamata ya zargi kansa da raunin zuciya ba don jikinsa ya nemi sitaci. Abin da ya sani ke nan tun yaye.

An sa ni tsarin abinci na mako biyu kafin aikin, ba tuwo ba shinkafa. Dole ne?

Dole ne, kuma ba don a gwada haƙurinka ba ne. Hanta tana kwance a kan saman tumbi. Aikin ta 'yan ƙananan huji ake yin sa da kyamara, sai likita ya ɗaga ɓarin hanta na hagu kafin ya ga inda zai yanka. Hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse da sitacin da jiki ya adana, kuma kowane giram na wannan sitaci yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Idan aka rage abinci zuwa kalori 800 ko 1000 a rana, aka janye sitaci da zaƙi, sai hantar ta saɓe ta yi laushi. In ba ta saɓe ba, aikin yakan yi wuya, wani lokaci ma a ɗage shi bayan an riga an sa mutum barci.

Kwana uku ko huɗu na farko su ne masu zafi: ciwon kai, jin haushi, kasala, bakin ma yakan canza wari. Daga nan yakan sassauta. Abin da ke taimakawa shi ne a raba ɗan abincin da aka yarda da shi gida huɗu ko biyar, a yawaita ruwa, a sha romo mai zafi da aka kwashe kitsensa idan tsarin ya yarda, a kuma fitar da kayan ƙwalama daga ɗaki tun kafin ranar farawa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilibenkilamid kada ya fara sai likita ya daidaita masa magani, domin sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa warwas.

Akwai kuma abin da mutane ke yi wanda ba na goyon baya: walimar bankwana. Mako guda kafin a fara tsarin sai mutum ya bi duk abin da yake so ɗaya bayan ɗaya, wai ba zai sake ci ba har abada. Hanta yake ƙara wa nauyi, kuma zancen har abada ɗin ma ba gaskiya ba ne.

Loma uku na tuwo sai in ji ya tokare ni, amma ina iya cinye ledar cincin. Me ke faruwa?

Wannan tambaya ita ce uwar sauran. Ka ɗauki sabon tumbin kamar mazurari. Nama, kifi, ƙwai da wake suna da jiki, sukan zauna a cikinsa su daɗe, ka ji ka cika. Biskit, cincin, gugguru, soyayyen dankalin leda, cakulan, askirim da tuwon madara kuwa tun a baki suke zama ruwa-ruwa, su sulale su wuce ba tare da sun taɓa bango ba. Ma'aikatan asibitocin wannan aiki suna da suna na musamman da suke kiran irin waɗannan da shi, ma'anarsa dai masu santsi.

Tarkon yana nan: abinci mai amfani shi ne mai wahalar ci. Sai ka tauna nama sau ashirin ko talatin, ka ci a hankali, in ka yi gaggawa ya tsaya maka a ƙirji har ka yi amai. Shi kuwa biskit ba ya taɓa ba ka wahala. Ba tare da shawara ba sai jiki ya fara kauce wa mai ciwo ya koma ga mai sauƙi. Wata shida bayan haka mutum zai ce maka da gaskiyarsa, wallahi ba na cin komai, ko rabin faranti ba na iya gamawa, amma nauyi ya tsaya. Bai yi ƙarya ba. Farantin ne kawai yake lissafawa.

Mafita ita ce a gyara naman, ba a guje shi ba. Farfesun da ya dahu luguf, dambun kifi, niƙaƙƙen nama a miya, cinyar kaza maimakon ƙirjinta da ke bushewa, duk sun fi sauƙin wucewa. Busasshen tsire da kilishi a bar su sai gaba, idan tumbi ya warke sosai. In kuwa kullum abinci mai tauri sai ya dawo, har kana rayuwa a kan kunu da shayi, ka koma asibiti a duba ko wani wuri ya tsuke. Amai mai yawa yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

An ce in riƙa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa. To mene ne laifin ciye-ciye?

Cin kaɗan sau biyar da aka tsara daban, kiwo daban. Na farko yana da lokaci, yana da faranti, yana da farko da ƙarshe: ka zauna, ka ci cikin minti 20 zuwa 30, ka ɗauke kwanon ko da saura. Kiwo kuwa irin na akuya ne, tsinci nan tsinci can daga hantsi har isha'i. Ƙaramin tumbi ba ya hana kiwo ko kaɗan, tunda kafin ka kai loma ta gaba ta baya ta wuce. A haka mutum zai iya mayar da duk abin da aikin ya rage masa bai taɓa jin ya ƙoshi ba.

Gyaɗa ma da ake yabo tana shiga nan. Cikin tafin hannu ɗaya ya haura kalori 150, kuma ba wanda ke tsayawa a ɗaya idan kwalbar tana gefensa yana kallon waya. Ƙa'ida ɗaya ta wadatar: duk abin da za ka ci, zuba shi a ƙaramin faranti, ka zauna, ka ajiye wayar. Kada ka ci daga leda, kwalba ko tukunya.

To me zan ci da zai kashe kwaɗayin?

Furotin, wato sinadarin gina jiki, kuma shi za ka fara kai wa baki. Yawancin asibitoci suna sa a nemi giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin kindirmo kusan 8, kofin dafaffen wake kusan 13, dafaffen naman kaza giram 100 kuma yana ba da kusan 30. Ka ga ba abu ne da zai samu da kansa ba a cikin da ke cika da cokali shida. Sai an shirya masa.

Kayan duk namu ne. Alale da ba a cika masa mai ba, awara a cikin miya maimakon soyayya, kifi gasasshe ko na gwangwani, kindirmo ba sukari, kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli, miyar kuɓewa ko ta taushe da nama a ciki a sha da cokali. Tsarin shi ne nama ko wake da farko, ganye na biye, sitaci a ƙarshe in da sauran wuri, kuma sau da yawa babu. Wannan jeri yana rage hawan sukari a jini bayan cin abinci, wanda ke nufin faɗuwar da ke biyo baya ma za ta yi sauƙi.

Karin kumallo ya fi kowane muhimmanci a nan. Wanda ya karya da ƙwai biyu, la'asar ɗinsa ba ta zama irin ta wanda ya karya da koko mai sukari ba.

Ke nan na yi sallama da tuwo da shinkafa har abada?

A'a. A makonnin farko ana hana burodi mai laushi, shinkafa da taliya saboda sukan kumbura ko su dunƙule su toshe hanya. Bayan wata biyu zuwa uku yawancin mutane sukan dawo da su kaɗan-kaɗan. Cokali biyu ko uku na shinkafa bayan an ci nama ba laifi ba ne. Wake, acca, dawa da gero da ba a surfe su tas ba, da dankalin Hausa dafaffe, sun fi farar fulawa zama a ciki. Haramta wa kai abinci gaba ɗaya ma yakan ƙara masa kwarjini a zuciya.

Na sha lemo sai zuciyata ta hau bugawa, gumi ya karyo mini, na yi ta zawo. Lafiya?

Abin da likitoci ke kira damfin ke nan, wato zubowar abinci cikin hanji da sauri. Ya fi yawa bayan baifas, amma masu silib ma suna samunsa. Iri biyu ne. Na farko yana zuwa minti 10 zuwa 30 bayan cin abu mai zaƙi: sukarin ya faɗa hanji a dunƙule ya jawo ruwa daga jini, sai murɗar ciki, jiri, bugun zuciya da zawo. A kwanta a huta, yakan wuce.

Na biyu ya fi wayo, kuma shi ne ke da alaƙa da kwaɗayi. Awa 1 zuwa 3 bayan cin zaƙi, insulin da jiki ya saki da yawa sai ya kayar da sukarin jini, mutum ya ji rawar jiki, gumi, duhu-duhu a ido da wata irin yunwar zaƙi mai tsanani. Ya sha lemo ya ji daidai, bayan awa biyu abin ya dawo. An gudu ba a tsira ba. In kana da na'urar gwajin sukari ka auna. Ƙasa da 70 mg/dL ya faɗi. A lokacin a sha ɗan abu mai zaƙi kaɗan don a farfaɗo, a bi shi da ƙwai ko kindirmo, sannan a gyara abincin da ya jawo shi tun farko. Wanda abin ke maimaita masa, ko ya taɓa suma, ya ga likita, akwai magani, kuma ya yi hattara da tuƙi.

Zoɓo, kunun aya da fura fa? Ai ba lemon kwalba ba ne.

Tumbi bai san na gida da na kanti ba, sukari kawai ya sani, kuma duk abin da ake sha wucewa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, in ya sauka zuwa kashi 5 ya fi, wato kusan giram 25 ko cokalin shayi 6. Gwangwanin lemon kola ɗaya yana da kusan giram 35. Zoɓon da ake ƙullawa na sayarwa kuwa ba wanda ya auna abin da aka zuba masa. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya shi ma cike yake da sukari, ga iskar gas da ke kumbura ƙaramin ciki.

Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari yana da kyau. Fura a dama kaɗan da nono mai yawa, a sha da cokali a matsayin abinci, ba abin kora abinci ba. Zuma da mazarƙwaila sukari ne, duk albarkar da ke cikin zuma ba ta hana ta jawo damfin. Dabino ɗaya ko biyu bayan abinci, ba cikin kwano ba.

Kada kuma a haɗa ci da sha. Mun taso da hadisin raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Wanda aka rage wa tumbi sai ya raba su a lokaci: ya dakata da ruwa kafin ya zauna cin abinci, ya kuma jira minti 30 bayan ya gama. Ruwa a kan abinci yana wanke shi ya wuce, yunwa ta dawo da wuri.

Da rana ina iya riƙe kaina. Dare ne ke kayar da ni.

Duba ranar tukuna. Mafi yawan masu cin dare ba su ci abin kirki da rana ba. Sun tsallake karin kumallo, sun sha shayi da azahar suna murna, sai jiki ya zo karɓar bashinsa bayan isha'i. Na biyu barci. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago aka buga a 2004, an bar samari 12 suna barcin awa 4 kacal dare biyu a jere. Girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, sinadarin ƙoshi na leftin ya ragu da kashi 18, kuma abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da sitaci. Mai ƙiba da ke minshari yana shaƙewa cikin barci ya gaya wa likita, domin ko ya kwana awa takwas bai huta ba.

In ka san ƙarfe tara sai ka nemi wani abu, to ka sa shi cikin tsari: ƙaramin kofin kindirmo, a zaune, sannan ka yi asuwaki ko buroshi ka rufe kicin. Kwaɗayi yakan taso ya yi ƙarfi ya faɗi da kansa cikin kamar rubu'in awa, in ba abin a kusa. In yana cikin durowar gefen gado kuwa, ba a cika cin wannan yaƙi ba.

Ni ce mai girkin gida. Ɗanɗane da ragowar yara kaɗai sun ishe ni. Ga biki, ga suna.

Hajiya, naki ya fi na kowa wuya, kuma ba a cika faɗa ba. Ki ci naki abincin kafin ki ɗora tukunya, kada ki shiga kicin da yunwa. Ɗanɗanon gishiri a bakin cokali ya isa, ko ki ba wata ta ɗanɗana. Ragowar yara kuwa tarbiyyarmu ce ta hana zubar da abinci, kuma gaskiya ce, amma cikinki ba shi ne mazubi ba: a rage musu zubi, abin da ya saura a rufe a ba mabuƙaci ko a kai wa kaji. Cincin ɗin sallah a ajiye shi inda sai an taka kujera, a cikin abin da ba a ganin cikinsa.

A gidan biki ki je da cikinki ba wayam ba, ki karɓi farantin, ki ci naman, ki riƙe robar ruwa a hannu. Idan gwaggo ta matsa, “haba 'yar nan, ko loma ba ki yi ba, duk kin zube,” ba sai kin ba ta labarin tiyata ba in ba ki so. “Wallahi Gwaggo likita ne ya sa mini doka, amma ƙulla mini in tafi da shi” ta wadatar, ba wanda ke jayayya da likita, kuma ba ki mayar da hannun kyauta baya ba. A ƙasar da har yau wasu ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki, kada ki yi mamaki idan ramarki ta tayar wa dangi hankali.

Idan raina ya ɓaci ne nake ci. Yanzu ba na iya ci, sai na ji kamar na rasa aboki.

Mutane da yawa suna jin haka, har da kuka, musamman a wata na farko da na biyu. Abinci ya daɗe yana yi maka aikin lallashi, an ɗauke shi ba a ba ka madadinsa ba. Ka yi mako guda kana rubuta lokacin da kwaɗayi ya taso da abin da ya faru kafin nan. Za ka ga bai wuce abu biyu ko uku ba: faɗa da mai gida ko uwar gida, kaɗaici bayan yara sun tafi makaranta, gajiyar kasuwa. Kowanne a nema masa abin yi da ba na baki ba, ko fita zagaye, ko kiran ɗan'uwa, ko alwala da nafila.

Idan kuwa kana ci har ka ji ba ka iya tsayawa, kana ɓoyewa, kana jawo amai da gangan, ko baƙin ciki ya daɗe bai ɗaga ba, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma gara a faɗa tun kafin tiyata. An kuma san cewa wasu bayan aikin sukan koma wa giya ko ƙwayoyi, kuma giya tana saurin bugar da wanda aka yi wa baifas fiye da da.

Ni ba zaƙi nake kwaɗayi ba, ƙanƙara da farar ƙasa nake so.

Je a auna jininki. Marmarin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa alama ce da aka sani ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma yana yawan faruwa bayan wannan aiki, balle ga mace mai al'ada. Farar ƙasa kuma tana ƙara hana jiki tsotse ƙarfen. Ƙwayoyin bitamin, B12, kalsiyam da bitamin D da aka rubuta miki na har abada ne, ba na wata shida ba.

Zan iya azumin Ramadan?

Yawancin likitoci suna ba da shawarar a haƙura da azumi a shekarar farko, saboda ba za ka iya haɗa shan ruwan yini guda da cin abincin da kake buƙata tsakanin magariba da asuba ba. Ka ji ta bakin likita, ka kai wa malami. Bayan nan da yawa suna yi lafiya. Haɗarin yana wurin buɗa-baki: kunu mai sukari, lemo, ƙosai da soyayyen dankali a kan cikin da ya wuni wayam hanya ce miƙaƙƙiya zuwa damfin. Dabino ɗaya da kurɓin ruwa, a yi sallah, a dawo a ci farfesu ko ƙwai a hankali, a yi ta kurɓar ruwa har lokacin barci. Sahur a yi shi da wake, ƙwai ko kindirmo, a jinkirta shi.

Shekara uku da aikina, nauyi ya fara dawowa. Tumbin ne ya buɗe? Ko in fara allurar nan da ake yayi?

Ƙaruwar 'yan kilo bayan an kai ƙarshen rama abu ne da aka saba gani, ba alamar aikin ya lalace ba ne. Tumbi yakan ɗan saki da shekaru, amma da wuya ya zama shi kaɗai ne dalili. Kafin ka zargi ɗinki, rubuta duk abin da ya shiga bakinka kwana uku, har da shayin ofis mai madarar gwangwani da gyaɗar cikin mota. Ka kuma duba magungunanka, domin irin su firedinisolon na kumburi da asma, da wasu magungunan ƙwaƙwalwa suna buɗe ciki. Komawa shan ruwa-ruwa zalla na kwana biyar wai don tumbi ya tsuke ba ya tsuke komai. Komawa ga furotin da farko, raba ci da sha, da daina kiwo shi ne ke aiki.

Allurai irin su Ozempic, Wegovy da Mounjaro suna kwaikwayon sinadaran ƙoshin hanji ne, kuma likitoci suna ba wasu da nauyinsu ya dawo bayan tiyata. Suna rage surutun abinci a kai ƙwarai, amma suna da tsada, kwaɗayin yakan dawo idan an daina, kuma an sha kama na jabu a kasuwa, don haka ba abin saye a Instagram ba ne. Mutanenmu da yawa a Masar, Indiya ko Turkiyya aka yi musu aikin, suka dawo gida ba mai bibiyarsu. In kana cikinsu, nemi takardar da ke bayyana irin aikin da aka yi maka, ka kai wa likitan tiyata ko na ciwon sukari a babban asibitin da ke kusa da kai, a buɗe maka fayil, a riƙa auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara.